Su a ruwa mara zurfi da ƙaramin kwale-kwale: kilomita 24 a yini ɗaya zai yiwu?

Ɗan Marma: Assalamu alaikum. Ina da kayak, ƙaramin kwale-kwalen roba na mutum ɗaya, tsawonsa mita 4. Ina so in tashi daga tafkin Nguru in bi mashigar Marma, kilomita 12 zuwa, 12 dawowa, a watan Disamba. Wurare da yawa ruwan bai wuce gwiwa ba. Zai yiwu a yini ɗaya? Me zan tanada?

Baba Masunci: Wa'alaikumus salam, ɗana. Fara lissafinka daga dawowa. A buɗaɗɗen ruwa irin wannan jirgi yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. Idan zurfi ya gaza rabin mita sai ka ji jirgin ya yi nauyi, filafili yana taɓo laka, da ƙyar ka yi 3. Ka ga kilomita 24 ta cinye awa 8 ke nan, alhali yinin Disamba bai cika awa 12 ba. Yaushe za ka yi sun?

Ga kuma iskar hunturu. Daga arewa maso gabas take busowa, tana ƙarfi da hantsi. Da za ka tafi tana bayanka, sai ka ga tafiya ta yi daɗi ka zarce. Da ka juyo Nguru a fuska za ka same ta, ga gajiya, ga nauyin kifi. Ka rage nisan zuwanka ya koma kilomita 7, ka tashi bayan Asuba, ka juyo kafin Azahar.

Malam Na-Ruwa: Baba ya yi gaskiya, sai dai kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan mai toshe hanya, ta fi iska ba ni tsoro. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliya ya canza, ruwa yana kwanciya a wasu wurare duk shekara, kachalla ta samu wurin zama. Ta fi mutum tsawo, kai kuma a zaune kake dab da ruwa, ba ka hango komai. Duk mararrabar da ka wuce ka ɗaura tsumma mai haske a jikin ciyawa, ka kuma sa alama a taswirar wayarka. Wayar ta zauna cikin leda biyu a ɗaure.

Ka riƙe gwangwala mai mita 2 da rabi. Da ita za ka tura jirgi inda filafili ba ya aiki, ita ce kuma turkenka: ka kafa ta a laka, ka ɗaura igiya daga goshin jirgi ko bayansa. Kada ka ɗaura a tsakiya, iska za ta bugi gefe ta kifar da kai.

Mai Gura: Ɗan'uwa, birgi, wato ragar jifa, ba na wannan jirgi ba ne. Jifansa sai a tsaye, kayak kuwa da ka miƙe ya juye. Ka tsaya kan ƙugiya, da gura, wato tarkon kifi, biyu ko uku da za ka dasa a bakin ciyawa da tafiya ka ɗebe da dawowa. A irin wannan ruwa kifi yana jin ƙwanƙwasa daga nesa, don haka ka shimfiɗa buhu a ƙasan jirgi, ka daina tuƙi tun kana mita 10 daga wurin, jirgin ya ƙarasa da kansa.

Duba nauyin da aka rubuta a jikin jirgin cewa yana iya ɗauka. Kai da kaya da kifi kada ku wuce kashi 70 cikin 100 na wannan nauyin. Mai nauyi ya zauna ƙasa, kusa da mazauninka. Tarwaɗa tana yini da rai a jiƙaƙƙen buhu. Karfasa ba ta da wannan juriya: ka cire hanji da zarar ka kama, ka sa ta a kula, wato akwatin riƙe sanyi, kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi. Kurungu kuma ka karya ƙayoyinsa da filaya kafin ya sauka tsakanin ƙafafunka.

Baba Masunci: Na manta. Idan jirgi ya kafe kada ka sauka ba takalmin roba mai tsawo, ruwan da ke kwance da ciyawa shi ke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Ruwan sha lita 4, rigar kariya a jikinka take, ba a bayan jirgi ba. Ka gaida sarkin ruwan wurin tukuna, ya faɗa maka mashigar da ta toshe bana da inda mutane suka shimfiɗa kalli, wato ragar da ake kafawa a ruwa.