Hannun mutum-mutuminmu yana sakin gwangwani

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗalibaina za su shiga gasa, saura mako uku. Aikin shi ne mutum-mutumi ya ɗauki gwangwanin madara, da madararsa a ciki, ya ɗora kan kanta. Hannun yana kamawa, amma da ya ɗaga sai gwangwanin ya sulluɓe. Jiya kuma sarbo, wato ɗan injin da ke motsa yatsun, ya yi ƙirrr ya tsaya cak. Sarbo samfurin SG90 muka sa, yatsun na katako ne.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumussalam Malama. Wannan ƙarar haƙoran giya ne suka cinye, na roba ne ai. SG90 giram 9 ne nauyinsa, ƙarfinsa bai kai kilo 2 ba, shi ma a tazarar santimita ɗaya daga gindi. In yatsa ya kai santimita 10, kashi ɗaya cikin goma ya rage a baki. Kin ɗora wa ɗan akuya kayan jaki. Ki nemi sarbo samfurin MG996R mai haƙoran ƙarfe, yana kai wajen kilo 10, ki kuma rage tsawon yatsun.

Ɗan Daura: Baba Injiniya, a yi haƙuri, ni ina ga ba ƙarfi kaɗai ba ne. Katako da gwangwani duk santsi. Bara mu wajen mai faci muka je ya ba mu tsohon tub na babur, muka yanka muka naɗe yatsun, a ƙasansa muka sa yankin silifa don ya riƙa lotsawa. Sannan muka fafe cikin yatsan kamar bakin awartaki, gwangwani na shiga ya zauna daram.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Yaro ya yi gaskiya. A haɗa duka biyun.

Mai Gyaran Waya: Ni dai jan kunne zan yi. Kada ku kuskura ku ja wa MG996R wuta daga jikin Arduino, wato allon da ke sarrafa mutum-mutumin. In ya matse abu ya cije yana iya jan sama da amfiya 2, USB kuwa rabin amfiya ce. Allon zai riƙa mutuwa yana tashi, ku yi ta zargin yara sun ɓata rubutun umarnin da suka ɗora wa allon. Batir 18650 biyu a jere, LM2596 mai rage ƙarfin wuta ya sauko da ita zuwa bolt 6, wayar ƙasa kuma, wato ta negatif, a haɗe ta da ta Arduino.

Ɗalibar Poli: Aunty, me zai hana a buga yatsun da firintar 3D? Sun fi kyau a ido.

Ɗan Daura: Kyau kam akwai. Amma PLA, robar da firintar ke bugawa da ita, tun wajen digiri 60 yake yin laushi. Ki bar shi a but ɗin mota da azahar a zafin Katsina ki gani. Namu bututun PVC ne muka gasa muka baje, ko ya karye a filin gasa minti goma mun yanka wani.

Malamar Kimiyya: Allah ya saka da alheri. Yatsu biyun duk sai sun motsa?

Injiniya Ƙofar Ƙaura: A'a, ɗaya ya tsaya, ɗaya ya matso, kin huta da haƙoran giya masu haɗa yatsun. Kuma kada yara su ce wa sarbo ya rufe har ƙarshe, ya tsaya daidai inda robar ta lotsa, in ba haka ba zai yi zafi. Ku gwada ɗauka ashirin a jere, ku riƙa goge ƙura daga robar. Ina da MG996R ɗaya a shago, ki aiko yaro bayan la'asar.