Na ga wata 'yar jaka a cikin agwagwata, cuta ce?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Jiya muka yi baƙi, na sa aka yanka mini agwagi biyu, ɗaya 'yar wata biyu da rabi, ɗaya kuma tsohon toro da ya haura shekara. Ina cikin gyara ƙaramar sai na ga wani abu dogo, fari-fari, bai kai ƙaramin yatsana ba, manne a saman dubura ta ciki. A wuyanta ma ga wasu 'yan curi-curi sun jeru hagu da dama. Na duba toron, ko alama babu. Wallahi na kasa sa naman a tukunya. In ware sauran agwagin ne?

Mai kiwo daga Zariya: Hajiya, ni ma na taɓa zubar da nama a kan wannan, ashe asara kawai na yi.

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki Hajiya, halittarta ce. Wannan jakar ita ake kira bursa, can ne ƙwayoyin garkuwar jiki masu yaƙar cuta ke girma. Ta kaza zagaye take, ta agwagwa kuwa doguwa. Curin wuyan kuma timus ne, shi ma aikin garkuwa yake yi. Duka biyun suna girma ne a ƙuruciya, da tsuntsu ya balaga sai su fara motsewa, shi ya sa ba ki samu a toron ba. Sai a 1956 wani masani a Amurka, Bruce Glick, ya gano amfanin jakar nan. Abin tsoro shi ne ki ga jini-jini a cikinta, ko ta shanye tun agwagwar tana ƙarama. Ya hantar take?

Mai tambaya: Dakta, hanta lafiya lau, ja ce sumul. Saifar ce dai na ga ba zagaye ba.

Likitan dabbobi: Haka ta agwagwa take, mai kusurwa uku-uku. Ki dafa abinki.

Wata 'yar uwa: Hajiya ki dai kula da abinci. Dusa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna ya fi yi wa 'ya'yan agwagwa illa fiye da kaji. Gubar fumfunar na cin hanta, ta kuma motsar da wannan jakar da Dakta ya faɗa. Damina ta bara buhuna ya sha raɓa a ƙasa, na ce ai ba komai, cikin sati ɗaya bakwai suka tafi.

Mai tambaya: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri. Bari in je in ɗora buhuna a kan katako tun yanzu.