Na biya bashi, amma sunana bai fita daga rajistar masu bashi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu aikin banki ko waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, ku taimaka min da shawara.

Ina sayar da kayan gini a kasuwar Katako, nan Yamai. Na ci bashi a wata ƙaramar ma'aikatar bada rance, biya ya tsaya lokacin da aka rufe iyakoki a 2023 kaya suka daina shigowa ta Kwatano. Daga baya na biya duka har da tarar jinkiri, kuma takardar shaidar kammala biya tana hannuna.

Bana na nemi rance a banki, sai aka ce rahoton Creditinfo, kamfanin da ke da izinin tattara tarihin masu bashi a ƙasashen UEMOA (ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa), yana nuna har yanzu ana bina. Bankin ya ce ba shi da ikon gyarawa, wanda ya aika bayanin shi ke gyara shi. A ma'aikatar rancen kuma kullum sai a ce shugaban reshe ba ya nan, in dawo gobe. Goben nan ta ƙi zuwa.

Abin da ya fi ɗaure min kai: in an gyara, gogewa ake yi gaba ɗaya, ko dai za a rubuta an biya amma tarihin jinkirin ya zauna? In zama yake, shekara nawa? Sannan ƙorafi a rubuce, wajen kamfanin rahoton zan fara kai shi ko ofishin babban bankinmu, wato BCEAO, na Yamai? Ɗan kasuwa ba ya jiran damina ta wuce kafin ya sayo siminti.