In sabunta lasisin fatsa ko in riƙa yankar na kwana ɗaya?

Baban Sadiƙ: Salamu alaikum 'yan uwa. Lasisina na shekara zai ƙare ƙarshen watan nan. Bara sau uku kacal na leƙa bakin tafki, abokan tafiyata duk sun watse. Yanzu ɗana mai shekara 11 ya matsa sai na koya masa. In sabunta, ko na kwana ɗaya ya ishe ni? Shi ma sai an yankar masa?

Mai Tana: Fara masa da ƙaramar ƙugiya, kar ya soke yatsa.

Malam Tsoho: Ɗana, ni na daina. Shekara 20 ina biya ban taɓa fashi ba. Ranar da jami'i ya same ni, kwana biyu ke nan da ƙarewar takardata. A gaban jikana ya rubuta min tara, ya karɓe sandar. A tsallaken ruwa kuwa mutum huɗu ne ke jan taru mai ƙananan idanu, lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Na nuna masa, ya ce ba shi da kwale-kwale. Yaron nan har yau bai sake cewa mu je ba. Abin da ya fi tarar ci mini rai ke nan.

Ummu Hanan: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Mijina ya ce na kwana ɗaya sau huɗu ya kai kuɗin na shekara.

Mai Tana: Hajiya, ina! A wurinmu sai ka yanka kusan sau goma.

Injiniya: A Ingila yaron da bai kai shekara 13 ba ba ya buƙatar lasisi, babba kuwa tararsa na iya kaiwa fam 2,500. Da kuɗin lasisi ake zuba 'ya'yan kifi da biyan masu sintiri. Masu biya na raguwa, sintiri na raguwa, ɓarayin kifi na samun sarari.

Malam Tsoho: Wa ya ce maka a Ingila yake? Ka taɓa kwana bakin ruwa?

Ɗan Auta: Injiniya a allon waya yake fatsarsa 😂

Ummu Hanan: Ni shingen nan ne ke damuna. Inda muke zama da yara a bakin ruwa an kewaye shi da waya, wai saboda masu barin tsinkakken zaren fatsa yana naɗe ƙafar tsuntsaye. Mu da muke kwashe namu laifin me muka yi?

Baban Sadiƙ: Jama'a, maganar yaron fa?

Mai Tana: Mu ma an rufe mana gefen gada tun bara.