Dardumar Farisa ta da: ku ba ni shawara kafin mu biya

Maman Iman: Salamu alaikum 'yan uwa. Maigidana yana Dubai, wani mai shago ya nuna masa dardumar siliki, wai saƙar garin Kum ce ta Iran, shekararta 200. Kuɗin da nauyi. Wa ya san kan abin?

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ce ya dakata. Mutanen Kum ba su kama saƙar darduma ba sai wajajen 1930, ta ina ɗari biyun ta fito?

Ummu Sadik: Ikon Allah!

Kawu Na Fagge: Har yau abin na min ciwo. Wani dillali ya rantse min tawa saƙar garin Kashan ce ta Iran, ta kaka da kakanni. Ranar da yara suka kifar da ruwa a kai, jan ya zuba cikin farin sai ka ce atamfa mai araha. Na kai wa wani Ba'iraniye mai gyaran kafet, bai ko dubi fuskarta ba, ya kifa ta. Gezar ɗinka ta aka yi a baki, bayan kuma layi tsaf babu ƙulli ɗaya da ya kauce. Aikin inji ne, aka wanke da sinadari ta dushe. A ta hannu, geza ita ce ƙarshen zaren tsayen da aka ƙulla ulun a kansa, ba ta rabuwa da jikin. Launi ma ba ya tafiya bai ɗaya, shuɗin ya yi duhu nan ya yi haske can, don ba a tukunya ɗaya aka rina zaren ba. Abrash suke ce masa. Hajiya, maigidanki ya jiƙa farin hankici ya goga a kan jan. Ya kuma ƙona ɗan silin zare: siliki ƙaurin gashi yake yi, auduga ƙaurin takarda. In mai shagon ya hana, ya kama gabansa.

Malam Na Tarihi: Na ainihin tun zamanin Safawiyawa, sarakunan Iran na da, yawanci suna gidajen tarihi. Ta garin Ardabil na Iran, wadda ke Landan, tana ɗauke da shekarar 946 bayan Hijira, wato wajen 1540, da sunan Maksud Kashani a saƙe. Tsawonta ya haura mita 10, ga tambari a tsakiya da fitilu biyu a rataye. Wata ta garin Kirman kuwa a 2013 sama da dala miliyan 33 aka saye ta a New York.

Ɗan Istanbul: Malam, ku daina ba Iran komai. Masaƙan Tabriz da Heriz ma ƙullin zare irin na Turkawa suke yi.

Malam Na Tarihi: Gaskiya ne, amma duk biyun a Iran suke, ɗan uwa.

Ɗan Istanbul: To ta Pazirik da aka tono cikin ƙanƙara a Saiberiya a 1949 fa? Ita ce mafi tsufa cikin dardumomin ƙulli da aka samu, kuma ƙullin Turkawa ne.

Alhajin Kwari: Kai dai kayan Turkiyya kake sayarwa, mun gane.

Bakatsine: Shuɗin nan dai shuni ne, irin na Ƙofar Mata. Yanzu Kanawa za su ce su suka koya wa Farisawa.

Anti Bilki: Maman Iman, maigidanki ya nemo Heriz ta ulu, tana jure taku. Siliki ta bango ce.

Ummu Sadik: Anti, tawa asu ya fara ci ta ƙarƙashin kujera. Me zan sa mata?

Anti Bilki: Fito da ita ki kakkaɓe ciki da bai, ta sha iska. Kada ki bar ta daɗe a rana.