Allon da layi ɗaya ya lanƙwaso ciki, me yake nufi ne?

Ɗan Zariya:
Salam jama'a, dan Allah direbobi ku taimaka. A hanyar Kaduna zuwa Abuja wajen da ake aiki akwai wani allo mai layi biyu a tsaye, na dama ya lanƙwaso ciki, me yake nufi?

Direban Tirela:
Hanya ce za ta tsuke a gaba ƙanena, ɓangaren da ya lanƙwasa shi ne layin da zai ƙare. Kana ganinsa ka rage gudu ka kunna sigina ka duba madubi, kar ka bari sai ka iso kan gangunan da aka tare hanya da su ka faɗo gaban babbar mota, wlh tirela da kaya ba ta tsayawa nan take ko an danne birki.

Maman Biyu:
Gaskiya ne yaya, amma ni abin da ke damuna kowa so yake ya riga shiga, layi biyu sai ya koma huɗu a cushe kowa na hon. A Jamus doka ce, mota ɗaya daga nan ɗaya daga can.

Direban Tirela:
Da dare ya fi haɗari hajiya, ƙura ta rufe allon, sai dai ka lura da jan wutar motar gabanka.