Liman Ɗaya, Fosta Biyu: Musayar Waƙa Daga Katsina da Daura

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum ma'abota alƙalami. An fara kaɗa gangar 2027 alhali ni ciwon 2023 bai warke mani ba. Ga abin da ke cina. Amsa-amon "wa" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan buɗe baki,
Mai ba da mulki, Mai tuɓe sarki,
Salati ga Manzo ma'abocin tsarki,
Sannan in koka da halin unguwa.

Ni da maƙwabci katangarmu guda,
Shekara ashirin ba tsegumi ba faɗa,
In na dafa shayi ya kawo gyaɗa,
Mu raba dare muna ta tattaunawa.

Sai ga kamfen, aka kawo fosta,
Na manna mai lema a jikin ƙofata,
Ya manna tsintsiya, magana ta ɓata,
Har yau tsakaninmu babu gaisuwa.

In na shiga sahu na tsaya a dama,
Ya bi ta hagu, kafin a yi sallama
Ya riga ya hango inda ya aje takalma,
Don kar hannunmu ya gamu a fitowa.

Abin da ya ce shi ke ƙona mani rai:
Wai wanda ya ƙi nasu ya bar hanya sarai,
Ranar hisabi zai gane kurakurai.
Ashe da ƙuri'a ake shiga Aljanna, 'yan'uwa?

'Yar Kusugu:
Wa alaikumus salam, Yaya. Daga Daura nake amsa maka, kuma ba lallashinka na zo yi ba.

Yaya, ka ba mu labari rabi,
Shi ma maƙwabcin yana da jawabi,
Ku masu lema ba ku rasa aibi,
Kun ce da mu mun sai da talakawa.

Da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara,
Disambar 2020, fiye da ɗari uku yara,
Har gidan biki aka yi mani gorin Daura,
Wai ɗanmu ke mulki, mu ne da jawowa.

Ni mai kitso ce, mi na sani?
Na yi kuka ranar kamar duk mai imani,
Amma ƙawata ta juya baya gare ni,
Wadda muka taso tun ina 'yar ƙanƙanuwa.

Macijin Kusugu, ran Juma'a kaɗai
Yake bari a ɗebi ruwa, an ce dai,
Na yanzu su ko sai shekara huɗu daidai,
Su buɗe rijiyar, su rufe bayan ƙirgawa.

Baba Ɗan Sawaba:
Yara, sannunku. Jikana ke rubuta mani, ni ina faɗa. Ƙwar biyu zan yi, numfashina ba ya kai huɗu yanzu.

Wannan wuta ba yau aka hura ta ba,
Tun kafin a haife ku take ta ruruwa.

An ce da 'yan NEPU sun bar addini,
Don sun ce zalunci ya yi wa talaka yawa.

A 1979 muna cikin Jihar Kaduna,
NPN da PRP suka raba 'yan'uwa.

Balarabe Musa ya ci, majalisa ba tasa ba,
A 1981 suka taru suka yi tsigewa.

Kujerar ta faɗo wa Abba Musa Rimi,
Namu na ƙasar Katsina, ya yi ta riƙewa.

PRP kanta ta dare, santsi da taɓo,
Aminan jiya suka koma ba sa gaisawa.

Amma ku dubi gidan Mutawalle a birni,
Uba na NPN, ɗansa Umaru 'Yar'aduwa na PRP yana tasowa.

Ban ji an kore shi daga zauren gidan ba,
Ban ji an ɗaga hannu an yi masa tsinuwa.

A 2007 Umaru ya kara da Buhari,
Duk masu salla ne, kuma duk Katsinawa.

To a nan wa za a ce ya bar hanya?
Masu rabon wuta sai suka rasa abin cewa.

Umaru ya hau, ya ce zaɓen da gyara,
Ya kira Uwais ya ba shi aikin dubawa.

Na 2011 shi ne ba na son tunawa da shi,
Sama da rai 800 a Arewa, bayan sanarwa.

Ba ɗan gwamna a ciki, ba ɗan minista,
Mai faci, mai tireda, ɗalibi, su aka yi ta binnewa.

Umaru na maƙabartar Ɗanmarna tun Mayun 2010,
Buhari na gidansa a Daura, Yulin 2025 aka yi rakawa.

Ranar jana'izar Tinubu ya zo, Atiku ya zo,
Ku kuna nan kan fosta kuna ta hararar juna da ƙyaliya... 

A'a, jikana ya ce na karya amsa-amo. To a gyara: "kuna ta hararar juna ba ƙiftawa." Tsufa ne, ku yi haƙuri.

Manomin Batsari:
Sallama gare ku. Ni mutumin ƙasar Batsari ne, amma yanzu a wani kango nake a bayan gari nan Katsina, ni da iyali. Waƙata ba ta da kwalliya.

Ku na cikin birni faɗanku kan takarda,
Namu tsoron kan babur yake, da bindiga da adda,
Mu kwan cikin dawa, maciji ma mun yarda,
Gara saransa da jin ƙarar harbawa.

Batsari, Safana, Jibiya, Ɗanmusa,
Duk wanda dajin Rugu ke masa kusa,
Ya sai da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa,
Ya dawo ya biya harajin girbin dawa.

A 2021 aka yanke mana waya,
Aka rufe kasuwa, mai a jarka ya yi wuya,
An ce don a matse su ne, mun yi biyayya,
Labarin rasuwa ma da ƙafa ake kaiwa.

Mai neman ƙuri'a ya zo da jiniya,
Motoci jere, masu kaki a baya,
Wannan ya ce in na faɗi za ku sha wuya,
Wancan ya ce in ya zarce ku shirya guduwa.

Kowa da irin tsoron da yake sayar mana,
Ba wanda ya taɓa yarda ya kwana,
Su juya tun da sauran rana,
Su bar mu da hula da omo da tsammanin dawowa.

Maman Biyu:
Allah ya kawo maku sauƙi, Baban Batsari, ya mai da ku gida lafiya. Malam na kusa? Ina da tambayar da kunya ta hana ni yi a islamiyya.

Lokacin canji, ga kuɗi ba kuɗi,
Mai POS ya yanka, ciniki ba daɗi,
Kwana biyu, gaskiya zan faɗi,
Murhuna bai ga wuta ba, yara na kukan yunwa.

Aka tara mu da dare a wani zaure,
Taliya biyu da turmin atamfa a ɗaure,
Ga Alƙur'ani kan tabarma, mu duka tare,
Kowa ta dafa ta yi masu rantsuwa.

Na dafa, hannu na rawa kamar mazari,
Ran zaɓe na bi layi tun da fari,
Na shiga lungu, zuciya ta sauya tsari,
Na dangwala wa wani daban ina waiwayawa.

Tun ranar, ko ciwon kai ya kama yaro,
Sai in ce rantsuwar ce, in kwana da tsoro,
Atamfar na ƙasan akwati, ko aro
Ban bayar ba, balle in kai ta ɗinkawa.

Malamin Zaure:
Ina nan, baiwar Allah. Hukuncin yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 89, kuma bai kai nauyin da kika ɗora wa kanki ba. Ciwon kan yaro kuma a kai shi asibiti, kada a ɗora wa rantsuwa zazzaɓin cizon sauro.

Baiwar Allah, share hawayenki,
Kaffarar rantsuwa na nan a gabanki,
Ciyar da miskinai goma ko tufatarwa, in da halinki,
In babu, azumi uku ya isa, ba ƙarawa.

Babban nauyi na kan mai shimfiɗa tabarma,
Da ya ɗauko Littafi mai alfarma,
Ya mai da shi sasari don neman girma,
Ya auna imaninki da mudun yunwa.

Ni ban ce malami ya rufe baki ba,
Zancen shugabanci bai fita addini ba,
Amma mumbari bai zama motar kamfen ba,
Da za a hau a raba Aljanna ana zaɓawa.

Ga kuma lissafi ga maƙwabcin Ɗan Ƙofar Sauri, in ana kai masa saƙo:

Ran 25 ga Fabrairu Katsina ta bi Atiku,
Ratar ba ta kai dubu bakwai ba, in tuna maku,
Ran 18 ga Maris, bayan mako uku,
Dikko Raɗɗa ya lashe, mutanen dai suka sake fitowa.

Wanda ya bi lema, ya dawo ya bi tsintsiya,
Yaushe ya fita, yaushe ya koma shiriya?
Wa ya laƙƙana masa shahada a kan hanya?
Ni dai ban ga layin masu musulunta ba a unguwa.

Sojan Baka:
Allah gafarta Malam, Baba ina gaisuwa. Amma ba za a yi mana taron dangi ina kallo ba. Duk kun yi magana kamar ku ba ku da gwani.

Kuna ta zagin jam'iyya kamar annoba,
In ba ita, wa zai kai kukanku gaba?
Ni na bi tawa, ban ce wa kowa ya tuba ba,
Kuma 2027 ina nan, ba ni sauyawa.

Unguwar da ta ba da kunya a akwati ta san sakamako,
Ba kwalta, ba famfo, ba mai kai saƙo,
Takardar aiki sai wanda ya san ka tun farko,
To in ban yi ihu ba, mi zan ci, 'yan'uwa?

Kwalina na jaka ya shekara shida,
Data da ɗan na cefane nake kaiwa gida,
Ku ce mani sojan baka, na amsa, ba faɗa,
Amma ban ɗau gora na bi ƙauraye ba, ku shaida wa kowa.

Baba Ɗan Sawaba:

Ɗana, ban ce ka bar jam'iyyarka ba,
Ni ma na yi ihu har muryata na dushewa.

Sai dai in ka rubuta "kafiri" a waya da dare,
Da safe wani mai gora ne ke karantawa.

Sojan Baka:
Na ji, Baba. Wannan kalmar dai ban taɓa rubuta ta ba. "Maƙiyin Arewa" na sha rubutawa, ban sani ba ko ita ma tana cikin lissafin.

'Yar Kusugu:
Tana ciki, ƙanena, har da riba. Bari in koma kan mai gayya.

Yaya, ka yi shiru, ina ka shige?
Fostar tana nan ko ka yage?
Mi ka ce masa kai kafin ya toge?
Faɗi gaskiya, ba mu son rufewa.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Ƙanwata, kin matsa, to ga ta:
Fostar na nan, rana ta koɗar da ita,
Akuya ta ci rabin lemar da ke jikinta,
Saura ido ɗaya na ɗan takara yana dubawa.

Kuma ni na fara, ran da ya zo da gyaɗarsa,
Na ce masa bawan taliya a gaban ɗansa,
Ya aje kofin shayi bai kai ƙarshensa,
Sannan ya yi mani zancen hisabi yana ficewa.

Maman Biyu, ki yafe mani wannan kalma, ban san abin da ke bayan taliyar ba sai yau. Wani abin kuma: matarsa ta sauka ran Juma'ar da ta wuce, suna jibi. Ba a aiko mani goro ba. Da na yi ƙorafi a gida sai maiɗakina ta yi dariya, ashe ita ke dafa wa mai jegon ruwan wanka, kuma tun 2023 ba su taɓa daina miƙa wa juna miya ta kan katanga ba. Mu biyu ne kawai a waje muna cika muna batsewa. Ban san da wace fuska zan shiga zauren ba.

Manomin Batsari:
Ka shiga da ƙafar dama kawai. Ni maƙwabcina na gida ban san ko a Jibiya yake ba ko ya tsallaka Maraɗi.

Maman Biyu:
Na yafe, Yaya.

In za ka sunan, aiko yaro gidana,
In fiddo atamfar da ta hana ni kwana,
A kai wa mai jego, a ce daga wajena,
Malam, ko za ta shiga lissafin tufatarwa?

Malamin Zaure:
In mai jegon mabuƙaciya ce, an samu ɗaya. Saura tara.